ZAUREN TARBIYYA: Yaro ya gama littafi, me ya kamata a nema daga gare shi?

 

Duk gidan da ke da yaro a kolej ko a lise ya san takardar nan da mushen Faransanci kan nema bayan ya ba da littafi a je a karanta a gida, watau wadda ake kira fiche de lecture. Tsarinta ɗaya ne tun zamanin yayyenmu: sunan marubuci, shekarar da aka haife shi, gidan da ya buga littafin, yawan shafuna, sunayen mutanen da ke cikin labari, taƙaitawa a shafi ɗaya, sa'an nan a can ƙasa layi biyu ko uku na ra'ayin ɗalibi. Wanda ya ƙago ta da kyakkyawar niyya ya yi, domin malami ba shi da ikon bin yara har gidajensu ya ga wa ya buɗe littafi wa bai buɗe ba, dole ya nemi shaida. Amma mu tambayi kawunanmu tsakani da Allah, wannan takarda shaidar mece ce a yau?

A dā yaro kan ari ta wansa ya kwafe, ko ya juya bayan littafin ya ɗebo abin da masu bugawa suka rubuta. Daga baya salula ta shigo, taƙaitawar kowane sanannen littafi tana nan a intanet. Tun daga ƙarshen shekarar 2022 kuwa, da manhajoji irin su ChatGPT suka bazu, ko nema ba sai an yi ba: a rubuta sunan littafi, kafin ruwan shayi ya tafasa takarda ta kammala da Faransancin da ya fi na mushe kansa. Yaro ya miƙa, a ba shi 15 bisa 20, uba ya yi murna. Abin da ya dame mu a nan ya wuce batun karatu. Yaron da ya saba karɓar sakamako a kan aikin da bai yi ba, kuma ya ga manya sun sa masa albarka a kan haka, an koya masa ha'inci ne da hannun makaranta da na gida, alhali kuwa shi ne za a ba amanar awo a kasuwa gobe, ko amanar asusu a ofis. Shi kuma yaro mai gaskiya, wanda ya zauna ya karanta, sau da yawa takardar nan ɓata masa karatun take yi, don yana tafe yana farautar sunaye da zai cika gurbi da su, daɗin labarin ya wuce shi. Ya gama, ya rufe, bai ƙara marmarin wani littafi ba.

Akwai kuma wani abu da ba a cika lura da shi ba. Taƙaitawa ba aikin mai koyo ba ne, aikin wanda ya ƙoshi ne. Duk wanda ya zauna a zauren malami ya san Muhtasar na Shaihu Halilu: malamin da ya haɗiye mazhabar Malikiyya ne ya matse ta a ɗan ƙaramin littafi, har matsewar ta yi tsanani sai da manya irin su Haɗɗabi da Dardiri suka yi masa sharhi, Dasuƙi kuma ya zo ya yi wa sharhin Dardiri hashiya. Ba a ba ɗalibin da ke kan Ahalari ko Ishmawi alƙalami a ce ya taƙaita. Mu kuwa abin da malamai kan yi a ƙarshen tafiya shi muke nema daga yaro ɗan shekara 12 a farkonta, kuma cikin harshen da ba da shi ya tashi ba.

To, me magabatanmu suka yi da littafin da suka karanta suka so? Ba hanya ɗaya suka bi ba. Wani ya yi sharhi, wani ya fassara, wani ya mayar da zube ya zama waƙe don a hardace, kamar yadda Ibnu Malik ya zuba nahawu a baiti kimanin 1000 na Alfiyya, Ibnu Ashir kuma ya yi wa aƙida da ibada da tasawwufi haka a cikin Murshidul Mu'in. Wani ya ɗauki waƙar da ta burge shi ya yi mata tahmisi, kamar yadda Ibnu Mahib ya yi wa Ishiriniyar Alfazazi. Ko wanne daga cikin waɗannan ayyuka ba ya yiwuwa ga wanda bai karanta ba. Saboda haka ba sai mun ƙetare teku neman dabara ba, tana nan a zaurukanmu, sai dai a rage mata tsawo daidai da yaro.

Abu na farko da muke ba da shawara, kuma shi ne muka fi ba muhimmanci, ba ya bukatar ko takarda. Yaro ya karanta da Faransanci ko da Larabci, ya zo ya ba da labarin da Hausa, da baki, a tsakar gida bayan sallar lisha. Iyaye mata da yawa kan ce su ba su shiga lakwal ba, ba ruwansu da karatun yara. Mu kuwa a ganinmu babu mai jarrabawar da ya kai uwar da ba ta jin Faransanci, domin ita ba a ruɗinta da manyan kalmomi. Za ta ce: “To shi mijin me ya sa ya yi haka? Ita kuma uwarta tana ina? Ɗazu ka ce ya tafi birni, yaushe ya komo?” Yaron da ya kwafo taƙaitawa a tambaya ta biyu zai tsaya cik. Wanda ya karanta kuwa zai amsa, in ya manta ya koma ya duba, kuma komawar nan ita ce ribar. Ban da haka, juya magana daga wani harshe zuwa wani shi ne ainihin awon fahimta. Yaro na iya haddace jimlar Faransanci ya furta ta daidai bai san abin da take nufi ba, karatun aku ke nan, amma ba shi iya faɗinta da Hausa sai ya gane ta. Haka malamanmu na zaure ke yi tun fil azal, a ja baƙi a fassara kalma bayan kalma. Yanzu da kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya sanya Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki, yaron da ya iya ɗauko ma'ana daga wannan ya kai wancan ba tare da ya zubar da ita a hanya ba, ya riƙe sana'ar da za a daɗe ana nema. Minti goma sun isa a dare ɗaya. Kada a ce sai ya kai ƙarshen littafi, babi guda ma ya wadatar, a bar ƙanne da ɗokin jin ci gaba gobe, kamar yadda akun nan na Magana Jari Ce ya riƙa tsare ɗan sarki da labari dare bayan dare.

Ga wanda ya kamata ya yi rubutu, wasiƙa ta fi taƙaitawa amfani nesa ba kusa ba. Mu ɗauki littafin Mariyama Ba, Une si longue lettre, wanda ya fito a 1979, da yake ɗaliban lise da yawa sun san shi. Littafin kansa wasiƙa ce da Ramatulayi ta rubuta wa aminiyarta A'isatu tana cikin takaba. Sai a ce wa ɗaliba: ke ce A'isatu, ki ba ta amsa. Ba ta iya rubuta layi biyar masu ma'ana sai ta san cewa A'isatu ta bar gidan mijinta Mawdo sa'ad da ya ƙara aure, ita kuwa Ramatulayi ta zauna ko da Modu ya auri ƙawar ƴarsu ya juya wa gidan baya. Sai ta auna wace ce ta yi daidai a cikinsu, ko kuwa ko wacce da nata uzurin. A nan ne kuma gida ke samun ƙofar shiga. Mun san iyayen da ke ƙyamar wannan littafi don suna ganin suka ne ga auren mace fiye da ɗaya. Hana karanta shi ba shi yiwuwa tun da yana hannun yara, amma uba na iya karanta wasiƙar ƴarsa ya tambaye ta: laifin Modu ƙarin auren ne, ko kuwa watsi da matar fari da ƴaƴanta, abin da shari'ar da ta halatta ƙarin ta haramta? Wannan zance ba zai taɓa tasowa daga takardar da aka cika da yawan shafuna da sunan gidan bugawa ba.

Kusa da wannan akwai zaman sulhu. Littafin Saidu Badiyan na ƙasar Mali, Sous l'orage, ya dace da shi ƙwarai: tsoho Benfa ya yi niyyar ba da ƴarsa Kani ga attajiri Famagan, ita kuwa Samu take so, abokin karatunta. A zaunar da yara, ɗaya ya tsaya wa Benfa, ɗaya ya tsaya wa Kani, babba ya zama mai raba gardama. Sharaɗi ɗaya ne, duk hujjar da aka kawo sai a nuna shafin da take. Muna kuma son a ba yaro ɓangaren da ba ya so. Yarinyar da ta ɗauki Benfa azzalumi, in aka tilasta mata ta yi magana da bakinsa, za ta gano cewa tsohon yana tsoron wani abu ne, yana kuma kare wani abu, ko da ya yi kuskure. In gardama ta kai ga haƙƙin waliyyi da yardar budurwa, sai a ce su riƙe tambayar su kai wa malamin Islamiyya. Ta haka karatun lakwal da na allo ke gaisawa, maimakon kowa ya bi tasa hanya a cikin kan yaro guda.

Mayar da labari wasan kwaikwayo ba baƙon abu ba ne gare mu. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɗaya daga cikin littattafan da gasar rubutun Hausa ta 1933 ta haifar, Umaru Ladan da Dexter Lyndersay sun mayar da shi wasa, Adamu Halilu kuma ya yi fim ɗinsa a 1976. Manyanmu kuma ba su manta da wasannin su Yazi Dogo ba. Yara na iya ɗaukar fage guda su tsara shi da kansu. Sai dai a nan akwai iyaka, kuma wajibi ne mu faɗe ta a fili: ba a kwaikwayon annabawa, ba mu kuma yarda a sa yaro ya fito a matsayin wani sahabi ba. Haka nan duk abin da muke faɗi na sauya ƙarshen labari ko yin magana da bakin wani, a kan ƙagaggun labarai ne. Alƙur'ani da hadisi suna da tasu ladabin, hadda da gyaran karatu da ɗaukar ma'ana daga bakin malami.

Littattafan sira da na tarihi kuwa taswira ce ta dace da su. A ba yaron da ke karanta Hulasatu Nuril Yaƙin, ko fassarar Arrahiƙul Mahtum, farar takarda a ce ya zana hanyar hijira. Kusan ko wane yaro zai ja layi miƙe daga Makka zuwa Madina, watau arewa. Sai ya koma littafi ya tarar cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da Sayyidina Abubakar kudu suka fara nufa, zuwa kogon Sauru, suka kwana uku, sa'an nan suka karkata wajen gaɓar teku tare da ɗan jagora, suka bar hanyar da aka saba bi, har suka sauka Ƙuba. Da kansa zai tambayi dalili, da kansa kuma zai gano cewa dogaro ga Allah bai hana yin shiri ba. Darasin da za a yi wa'azin sa'a guda a kansa, fensir ya koyar da shi. Haka za a yi da tafiyar Umar daga Kagara zuwa Kano har ƙetaren hamada, da ta mahaifiyarsa da ta bi sawunsa ta Murzuk zuwa Tarabulus. Wanda ke karanta Sarraounia na Abdullahi Mamani, wanda ya fito a 1980, sai ya bi ayarin Bule da Shanuwan na 1899 a kan taswirar ƙasarmu, daga Lugu zuwa Birnin Ƙonni har Maijirgi, ya kuma ware da jan alƙalami abin da tarihi ya tabbatar da abin da marubuci ya ƙara don labari ya yi armashi. Ƙila ma ayarin ya ratsa ta kusa da garin kakanninsa bai sani ba.

Wannan ya kawo mu ga aikin da muka tabbata babu manhajar da za ta yi wa yaro shi. Bayan ya karanta L'Enfant noir na Kamara Laye, ko Amkoullel na Amadu Hampate Ba, inda ko wannensu ya ba da labarin ƙuruciyarsa, sai a aike shi wurin kakansa ko wata tsohuwar unguwa da tambayoyi biyar da ya ciro daga littafin. Yaya aka sa ku makarantar allo? Wa ya fara shiga lakwal a gidanku, kuma da yardar iyaye ko da ƙarfin sarki? Me kuka ci a shekarar yunwa? Ya rubuta amsoshin, ya jera su gefen abin da marubucin ya faɗa, ya nuna inda suka yi kama da inda suka saɓa. Abin da kaka ya faɗa ba ya cikin intanet. Yaron ya yi karatu, ya yi zumunci, gidan kuma ya sami shafi biyu na tarihinsa waɗanda wata rana za a neme su da kuka.

Waƙa ba ta kowa ba ce, kada a tilasta. Amma a ko wane aji akan sami yaro ko yarinya da kunnensu ke kama kari, su sai a ce su zuba babi guda a baiti goma da Hausa. Nana Asma'u ƴar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, da waƙoƙi ta isar da ilimi ga matan karkara ta hannun jajinta, ba kuwa don ta rasa iya zube ba. Ƙananan yara kuma a bar su su zama masu tambaya: su tsara kacici-kacici biyar daga littafin su ɗora wa yayyensu. Buhari ya ruwaito yadda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tambayi sahabbai wace itaciya ce ta yi kama da Musulmi, hankalinsu ya tafi itatuwan daji, Abdullahi ɗan Umar ya gane dabino ce amma kunya ta hana shi faɗi don shi ne ƙarami. Tsara tambaya mai kyau ya fi amsa ta wuya.

Ba duk sabon abu ne muke yabo ba. Akwai dabarun da ake kwasowa daga littattafan koyarwa na Turai da Amurka, a ce yaro ya gina ɗakin jarumin labari da kwali, ko ya yi babban allo mai launuka, ko ya haɗa bidiyo. A inda takarda da fenti suke a yalwace wataƙila suna da amfani. A wurinmu nauyi ne a kan uban da ya sayi kaye da bik da ƙyar, kuma sau da yawa ɗan mai hali ne ke cin makin da kuɗin ubansa. Mafi muni, kwalliya na rufe rashin karatu fiye da yadda tsohuwar takardar ke yi. Ma'aunin da muke ba malamai guda ne: in yaro na iya yin aikin ba tare da ya buɗe littafin ba, a jefar da aikin, kome kyansa.

Mun san abin da wasu malamai za su ce, kuma suna da gaskiya. Za su ce jarrabawar BEPC da ta bak da rubutaccen Faransanci ake cin su, ba da hira a tsakar gida ba, kuma ajin da yara suka cika maƙil ba ya ba da damar a saurari kowa. Ba mu ce a kashe taƙaitawa ba. A bar ta sau ɗaya a zangon karatu, a yi ta a cikin aji, littafi a buɗe, salula a waje, a nan ne za ta koma shaidar gaskiya. Sauran lokuta a bar yaro ya zaɓa tsakanin wasiƙa da taswira da hira da tsoho, wasiƙar ma ai da Faransanci za a rubuta ta, kuma ta fi kusa da abin da ake nema ranar jarrabawa. Batun maki kuma bai kai wuyar da ake zato ba. A duba ko abin da ya faɗa yana cikin littafin, ko ya kawo wani tunani nasa, ko kuma ya iya nuna shafin da ya dogara da shi. Game da yawan yara, minti biyar a farkon darasi, ɗalibi biyu a mako, kafin shekara ta ƙare an zagaya da dama, sauran kuma a raba su rukuni su saurari juna.

Saura matsalar da ta fi duka girma, watau littattafan kansu. Gidaje da yawa ban da Alƙur'ani da littattafan lakwal babu wani abin karantawa, littafi guda kuma kan zagaya aji sukutum har bangonsa ya rabu. A nan muke kira ga rassan ƙungiyarmu da kwamitocin masallatai. Akwati ɗaya mai makulli a zauren liman ko a ofishin makarantar Islamiyya ya isa a fara, ko wane gida mai hali ya kawo littafi guda, na Hausa ko na Larabci ko na Faransanci, wani malami ya duba su kafin a zuba. A sami matashi amintacce ya riƙe kaye na masu aro, a kuma ware wa ƴan mata yininsu da mace mai kula, don kada kunya ta hana su zuwa. Wa'adin aro mako biyu. Ranar da yaro ya komo da littafi, kafin a ba shi wani, mai riƙon akwatin ya ce ya buɗe shafin da ya fi tsaya masa a rai, ya karanta shi da ƙarfi, ya faɗi da Hausa dalilin da ya sa ya zaɓe shi. In akwai wasu yara a wurin suna jiran nasu layin, to a bari su ji, domin galibi a cikinsu ne za a sami wanda zai ce shi ma wannan littafin yake so. Reshen da ya fara, ya aiko wa wannan fili da sunayen littattafan da yara suka fi aro, za mu buga su a fitowa ta gaba domin sauran rassa su san abin da za su saya.